Gidan da Muka Gani Ranar Lahadi

Shanya ce abin da idona ya fara sauka a kai da muka shiga unguwar. Shekarun baya ke nan masu yawa, ina ajin ƙarshe na firamare, ina zaune a bayan babur ɗin mahaifina na ƙanƙame rigarsa da hannu biyu. Kowace katanga da zani a kanta, igiyoyi sun lanƙwashe saboda nauyin kaya, har rassan dalbejiya an rataya musu rigunan yara. Ban taɓa ganin unguwar da kowa ya yi wanki rana ɗaya ba. Ranar Lahadi ce, a bayan kamfanonin Sharaɗa.

A lokacin muna haya ne kusa da Bompai, inda Baba yake aiki a masaƙa. Shekarar da ta gabata ɓarayi sun haura gidan hayar sun ɗauke keken ɗinkin mahaifiyata da kwanukan jerenta. Tun daga ranar Baba bai ƙara samun natsuwa ba. Ya je ƙauye ya sayar da gonar da ya gada, ya ce ko ɗaki ɗaya ne sai ya mallaki nasa, a inda zai tafi aiki hankalinsa kwance. Wannan gonar ita kaɗai ce abin da muke da shi. Idan aka sayi gida da ita, an saya ke nan.

Inna ba ta fita irin wannan yawo, Baba kuwa namiji ne, iyakarsa zaure. To wa zai shiga cikin gidajen maƙwabta ya ga yadda mata suke zaune? Sai aka ce ni. Ni da ko malam ya kira sunana a aji sai muryata ta maƙale.

"Ki shiga ki gaida matan gida, ki roƙi ruwa ki sha," in ji Inna tana ɗaura min ɗankwali. "Ki buɗe idonki da kyau. Bakin nan dai na san ba zai buɗu ba."

Lahadi kaɗai Baba yake hutu, don haka duk Lahadi muna bisa hanya, dillali a gaba da kekensa, mu muna binsa a hankali kamar masu rakiyar amarya. Gidan farko nan kusa da Bompai yake. Ga makaranta, ga famfo, ga wurin aikin Baba, amma tsakar gidan ko tabarma biyu ba za ta ɗauka ba, ga tsada. Baba ya ɗaga kai ya ga fasassun kwalabe an dasa a kan katanga. Ya ce, "Inda ka ga an shuka kwalba, ɓarawo ya riga ya zo gaisuwa." Na biyu can wajen kogin Challawa ne, makeken gida da bishiyar mangwaro, kuɗinsa da sauƙi, sai dai daga shi sai gonaki. Baba ya ce nan in mutum ya yi ihu sai dai kogi ya amsa masa.

Na uku shi ne na Sharaɗa. Ɗaki uku, da rijiya a tsakar gida, kuɗinsa kuma bai kai na Bompai ba. Dillali ya tsaya a ƙofa yana nuna wata doguwar katanga da ke can gaba, tsallaken wani busasshen lambatu.

"Malam, ka ga wancan? Kamfanin fata ne. Masu gadi Buzaye, da takubbansu. Fitilarsu har ƙofar gidan nan take haskawa. Ka samu gadi kyauta, ka samu wuta kyauta. Wallahi don kai ne, da ƙanena zan ba."

Na ga fuskar Baba ta saki. Ya juyo ya ce, "Uwata, shiga ki gaida mutane." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Na shiga gidan da ke hannun dama. Wata tsohuwa tana matse kaya, wata matashiya tana shanyawa. Na durƙusa na gaishe su, na roƙi ruwa, aka ɗebo min daga randa, mai sanyi da daɗi. Da ƙyar na tattaro ƙarfina na ce Innata ce ta ce in tambaya yaya unguwa.

"Lafiya lau, 'yar nan, sai godiya," in ji tsohuwar. "Ɓarawo dai ba ma ganinsa."

Matashiyar ta yi 'yar dariya ta ce, "Ya zo ya yi me?" Tsohuwar ta harare ta. Ni kuwa na ɗauka yabo ne. Gidan da ke hannun hagu a rufe yake da kwaɗo, aka ce mutanen Filato ne, sun tafi coci.

Da muka koma na zayyana wa Inna komai, har launin ƙofa. Da na zo kan shanya sai ta gyara zama. "Mutanen da suke wanki haka masu tsafta ne," in ji ta. "Ga ruwa mai daɗi, ga rijiya tawa ta kaina. Malam, me kuma ake jira?" Aka je gaban mai unguwa, aka raba goro, aka shafa fatiha. Ranar da muka tare ma Lahadi ce.

Washegari da safe ina sa kayan makaranta jiniyar kamfani ta yi ƙara. Ba a daɗe ba wani abu ya shigo gidan. Wari ne, amma ban taɓa jin irinsa ba, kamar ruɓaɓɓen ƙwai da mushe an dafa su tukunya ɗaya. Yana shiga maƙogwaro ya zauna. Inna ta ce ɓera ne ya mutu, muka janye gado, muka kwashe akwatuna, ba mu ga komai ba. Na leƙa waje, sai na ga busasshen lambatun nan ya cika da wani ruwa baƙi-baƙi mai kumfa, yana gudu yana tururi. Igiyoyin unguwa kuwa ko ƙyalle babu.

Muna cikin haka maƙwabciyarmu ta hagu ta yi sallama, wata doguwar mata mai 'yan biyu, mijinta yana aiki a kamfanin robobi. Ta ga kayan ɗaki a tsakar gida ta riƙe baki.

"Maman yara, me kuke nema?"

"Ɓera ne ya mutu mana."

Ta yi dariya har da dafa bango, sannan ta ga fuskar Inna ta daina. "Ayya. Babu ɓera. Haka za ki ji har Asabar. Wace rana kuka zo ganin gida?"

Inna ta ce Lahadi.

"Kai! Ina coci. Da na gan ku da na faɗa muku, ni ba na ɓoye magana. Mu haya muke yi, gobe ma sai mu tashi. Ku saya kuka yi?" Ta kaɗa kai. Ita ce ta gaya mana cewa wanki sai Lahadi, don in ka shanya kaya ranar aiki, warin ya shiga zare ke nan. Ruwan randar tsohuwa kuma na 'yan ga-ruwa ne, babu mai shan rijiya a layin nan.

Da Baba ya dawo bai ko shigo da babur ba. Ya tsaya a zaure ya daɗe. Abin da na ji ya ce kawai shi ne, "Ni da nake kashe inji da hannuna duk ranar Asabar." Shi ma'aikacin kamfani ne, ya fi kowa sanin cewa Lahadi injuna barci suke yi. Amma ido da kunnensa duk suna kan ɓarawo, katanga yake aunawa, ƙyaure yake bugawa. Bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai abin da yake shiga gida ba tare da ya haura ba.

Damina ta zo, lambatu ya tumbatsa, ruwan rijiyar Inna ya koma kalar shayi, in ya taɓa fata sai ƙaiƙayi. Baba ya sa aka rufe ta da kwano aka ɗora dutse. A makaranta yara suka daina zama kusa da ni saboda warin kayana, na koma bencin baya kusa da taga, wanda dama can ya fi dacewa da halina. Duk wannan da sauƙi. Inna ce ta fara tari. Tun tana yarinya tana da ciwon ƙirji, amma ya daɗe bai tashi ba. Yanzu kuwa daga Litinin numfashinta yake fara kuka, sai Lahadi take samun kanta. Duk da haka ba ta bar tsokana ba. Takan ce, "Malam, ai ka samu abin da kake nema. Ko ɓarawo ya ƙi mu."

A damina ta biyu likita ya gaya wa Baba a fili cewa magani ba zai yi ba sai an raba ta da iskar wurin. Ba mu da kuɗin wani gida sai an sayar da wannan. Baba ya nemo dillalin nan dai. Ranar wata Juma'a ya zo, na kai musu ruwa zaure, na ji yana cewa ya samu mai saye, wani saurayi daga wajen Gumel da ya samu aiki a Challawa, ya sayar da shanun gadonsa, matarsa da jariri a goye.

"Jibi Lahadi zan kawo shi. Ka ce wa iyali su share gida, a ɗauke dutsen nan daga kan rijiya. Kai dai ka yi shiru, Malam, ni zan yi magana. Yadda ka saya haka za ka sayar, ai ba kai ka fara ba."

Baba ya miƙe ya raka shi ƙofa.

Mutumin bai zo Lahadi ba, Litinin da hantsi ya zo. Ko daga kan kekensa bai sauka ba, ya toshe hanci da hularsa, ya yi godiya ya juya. Dillali ya yi fushi ya ce ba a taɓa ɓata masa ciniki irin haka ba, bai sake dawowa ba. Waɗanda suka biyo baya ma haka, duk ranar aiki Baba yake sa su zo. Muka ci gaba da zama. Sai da na gama sakandare sannan wani ɗan kasuwa ya sayi gidan da araha ya mai da shi wurin ajiyar fatu, muka koma haya a Ɗorayi. A lokacin ƙirjin Inna ya riga ya gaji. Ba ta ƙara hawa ko ɗan tudu ba tare da ta tsaya ta huta ba, har Allah ya karɓi abarsa.

Yau in na ji mutane suna gardamar wace unguwa ta fi tsaro, wacce ta fi araha, nakan ce musu su je ranar aiki, su je da damina, su nemi ɗan haya su tambaya, don mai gida ba ya kushe unguwarsu. Wannan darasin mai sauƙi ne. Wanda ya fi ƙarfina shi ne ɗayan. Na san wani jariri daga wajen Gumel bai tashi yana shaƙar wannan iska ba. Na kuma san wadda ta ci gaba da shaƙa a madadinsa. Na girma, na haifi nawa, har yanzu ban iya ɗora biyun nan a sikeli ba. Inna ba ta taɓa tambayar wanda ya canza ranar ba, ina zaton ta sani.

Asabar ɗin nan ce, washegarin zuwan dillali da maganar mai saye, bayan la'asar. Baba yana tsugune a ƙofar gida yana goge babur, ni kuwa ina tsaye a bayansa ina murɗa bakin mayafina. Daga ciki ana jin tarin Inna. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Uwata, in magana ce ki faɗa, kin tsare min haske."

Na ce, "Baba, mutumin nan mai jariri. Don Allah ku ce masa ya zo ranar Litinin."