Hannun Daman Tukijan

Tukijan ƙanena ne. Shekara arba'in yana aski a bakin kasuwar garinmu Klaten, sai bara hawan jini ya shanye masa hannun dama. Tun daga nan ya daina fita. Ba zai miƙa wa mutum hagu ba, ba zai ci abinci da hagu a gaban baƙo ba. Tun yana yaro kansa ke da tauri.

Ga auren 'yarsa Wulan saura wata uku. A wajenmu uban amarya ne ke riƙe hannun ango, dama da dama, har a gama ɗaurawa. Na ja shi asibiti.

Wata ma'aikaciya, Mbak Sekar, ta ɗaura masa wani tabarau mai rufe rabin fuska. A ciki yana ganin hannaye biyu a kan tebur. In ya motsa na hagu, na dama yake gani yana motsi. Wai ƙwaƙwalwa za ta ruɗe ta tashi mataccen.

Ruɗewa kam ta ruɗe. Hannu bai tashi ba.

"Yu, na ɗauki kofi da dama!" ya ce da ni. Yu yake kirana, wato Yaya. "Har sanyinsa na ji."

"Iska ka ɗauka da hagu. Ina kallonka, kamar mai kama sauro."

"Ke a waje kike. Ni ne a ciki."

"Na daman yana kan cinyarka kamar kifin jiya."

"Wannan nama ne kawai. Hannu shi ne wanda in na ce tafi, ya tafi."

Mbak Sekar ta ce masana ma ba su gama wannan gardamar ba. Na ce su ba su da biki a gabansu.

An ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa a gida. Ya jefa ta ƙarƙashin gado, ya zauna jiran Talata, ranar tabarau. Saura mako guda biki ya ce in roƙo masa aron tabarau ɗin, in ba haka ba liman ya wakilce shi. Wulan ta ji, ta shige madafa.

Na ce masa, "Ka zauna da akwati a fuska kana shafa iska, surukinka na miƙo hannu? Yarinyar nan ubanta take so, ba liman ba. Ka je da naman."

Ya je. Ya ɗaga na daman da na hagu, ya ɗora a tafin ango. Ko yatsa bai motsa ba. Aka ɗaura.

A hanyar gida ya ce, "Ban ji komai ba, Yu. Ba ni na riƙe shi ba."

"Shi angon ya ji. Ya ce akwai nauyi."

Ran Talata tun da safe ya sa riga yana jirana. Na kai shi, amma sai da na zaro ƙwallon nan daga ƙarƙashin gado na cusa masa a tafi.