Ranar da Kuwabara Ya Gaida Sukari

A ɗakin bincikenmu na Osaka, har yau in aka ambaci Kuwabara, sai wani ya rusuna wa kofin shayinsa, a yi dariya.

Aikinsa ɗaya ne tun yana da gashi a ka. Zai sanyaya ƙwayoyin sukari su fi ƙanƙara sanyi nesa ba kusa ba, sannan ya riƙa ɗumama su kaɗan-kaɗan, yana auna yawan zafin da suke sha kafin ma'auni ya motsa. Burinsa bai wuce ya ga sunansa a saman takardar bincike ba, ko sau ɗaya, kafin ritayarsa a ƙarshen shekara.

Ya yi wata da watanni yana busar da wani sukari mai wuyar samu, don shi wannan awo ba ya shiri da danshi ko kaɗan. Yana shirin toshe 'yar kwalbar awon, sai ga Farfesa Tsujimoto, tsohon shugaban ɗakin, ya leƙo. Kuwabara ya rusuna, kwalba a buɗe a hannu biyu. Tsoho ma ya rusuna. To, ƙarami ba ya riga babba ɗagowa, shi kuma tsohon bayansa ba ya miƙewa da wuri. Haka bawan Allah ya yi ta jero gaisuwa, bakinsa daidai bakin kwalba.

Da awo ya iso inda ƙanƙara ke narkewa, sai layin da na'urar awon ke zanawa ya yi tsalle. Kuwabara ya sayo wainar shinkafa ya raba mana, wai ya gano sabon hali a sukari.

Hirano, abokiyar aikinsa, ta dubi layin tana tauna.

"Kuwabara-san, wannan fa ruwa ne. Numfashinka ne ya daskare ya narke. Amma wainar ta yi daɗi."

Sukarin da ya rage bai isa a sake ba. Ya fara busar da wani, damina ta hana. Shekara ta ƙare, takarda ba ta fito ba.

A liyafar sallamarsa, Hirano ta cika masa kofi ta ce, "Da ka toshe kwalbar tukuna. Tsohon nan ai ba gudu zai yi ba."

Kuwabara ya ɗaga kofin ya kurɓa.

"Na sani," in ji shi. "Abin da ke ci mini rai, ashe ba ma wurina ya zo ba. Lemarsa ya manta."