Likitanmu da Gangaren Asibiti

Ƙanena likita ne, shekararsa biyu yana horon ƙwarewa, dangi kuwa gani suke da shebur yake kwasar kuɗi. Kullum a kan gangaren bayan ɗakin gawa yake ajiye motarsa, saboda batirin ya mutu, sai ta gangara take tashi, kuɗin sabo kuma jarrabawa ta lashe.

Rannan Goggo ta iske shi asibiti, wai ya sake mata rufin ɗaki.

Ya ce, "Mu je gida mu yi magana, Goggo. Sai dai yau an riga ni gangaren, sai kin taimaka da turi."

Ta tura tana haki. Da motar ta tashi, ta kwance bakin zaninta ta miƙa masa 'yan canji.

"Ungo, Likita, sha mai. Rufin ya jira."