Sarbetin Malam a Saint-Fons

Matso kusa ka ji wata magana da ban taɓa sawa a shafina ba.

Ni mace ce ta ɗaka, makaranta ma ban yi nisa ba. Amma na yi shekaru ina rubutu a intanet kan tsofaffin kafe, wato gidajen cin abinci na leburori, irin waɗanda tebur ke manne maka a hannu, kaya su kwana suna warin mai. Malam, mijina, shi ke jana ranar Asabar. Shi ya ci, ni in kasa kunne. In mun dawo in rubuta yadda na ji: wa ya tsokani wa, ina ne ake soya omleti a kasko daban da na alade. Don wannan mutanenmu na Lyon da Paris ke karantawa. Ko gaida ƙanwarsa muka je Sevran, sai mun shiga biyu ko uku.

Nasa na kullum yana Saint-Fons, kusa da uzin, wato masana'antar da yake aiki. A can duk mai zuwa kullum yana da sarbeti, ƙyallen goge baki, a wani ɗan gurbi na katako jikin bango. Ka ci, ka naɗe, ka mayar. Baƙo takarda ake ba shi. Mai wurin wata tsohuwar Bafaranshiya ce mai bakin tsiya. Da ta gan ni sai ta ce, "Ga 'yar leƙen asiri. Yau me za ki rubuta, dankalina ya ƙone?"

Malam ya ce, "Madam, ai tun bara yake ƙone."

To, Allah ya karɓi abinsa. Ina cikin takaba Madam ta kira ni. Ta sayar da wurin, ƙarshen wata za ta rufe.

Ta ce, "Kowa ya ɗauki sarbetinsa, na mijinki ya rage. Ban wanke ba, yadda ya naɗe yake. Zo ki karɓa."

Na ce, "Ba na fita, Madam."

"Ciwo kike?"

Na yi mata bayanin takaba daidai Faransancina. Ta ce bas ɗaya ne fa. Na ce in aiko wani. Ta ce a'a, ita tun zamanin babanta matar mamaci ake ba hannu da hannu, a zaunar da ita ta sha kafe a kujerarsa. Ba a aika shi kamar saƙo.

Ƙanwar Malam tana gefena tana ji. Ta ce, "Yaya, a kan tsumma za ki fita?" Na ce wa Madam to, na ajiye waya, na ci gaba da gyaran shinkafa.

Da na fita takaba na hau bas ɗin. Da na isa kafen, an shafe gilashinsa da farin fenti. Na leƙa ta wani ɗan wuri, bango fayau, an cire katakon. Wayarta ba ta shiga. Na tsaya ina jira in ji wani abu a ƙirjina. Ban ji ba. Na sayi burodi na koma gida.

Shafin yana nan, ban ƙara sa komai ba. Mutane na tambaya ko lafiya. Lafiya lau, ina ci, ina barci.

Kai da ka taɓa rasa naka, yaushe ya fara yi maka ciwo?