Kalmar "saƙa" ta sa an riƙe mini kaya

Jama'a, ku sa ni a addu'a, kalma ɗaya ta jefa ni cikin masifa yau!

Na ɗauko kayana a Funtua, rigunan mata na auduga da na yi oda daga waje. Mun kama hanyar Malumfashi, sai ga 'yan kwastam. Ko gezau ban yi ba, ai takarduna cif suke.

Wani dattijo a cikinsu ya kwance dila ɗaya. Ya zaro riga ya ja ta, ta miƙe kamar danƙo. Ya saki, ta koma. Ya sake ja. 

Can ya ce, "Hajiya, wa ya ce wa ejan ɗinki saƙar yadi ce?"

Sai na tuna! Ranar da ejan ɗin da ke fito mini da kaya ya bugo daga Legas yana cika takardar kwastam, ya tambaye ni wane irin kaya ne. Na ce saƙa ce mana! Ashe saƙar yadi ya rubuta.

Dattijon ya ce, "A littafinmu saƙa biyu ce. Ta yadi ajinta daban, mai miƙewa irin ta safa ajinta daban. Takardar nan ba ta kayan nan ba ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a Hausa duk saƙa ce!"

Bai yi dariya ba. Ya sa aka sauke dilolin, ya rubuta sunan shagona. Ya ce, "Akwai sauran irinsu a can?"



Kun dai san shagona. Duk rigar da ke rataye a ciki, in kika ja ta, miƙewa take, kuma duk da irin wannan takardar suka shigo.