Ƙaramin Kalmalo a Bayan Rumbunmu

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, farkon daminar shekarar da na shiga aji huɗu. Ina cikin sharar tsakar gida sai ga kakana, Baba Tsoho, ya yi sallama da ƙwarya a hannu, an rufe ta da faifai. Masunci ne a tafkin Kalmalo, kuma na daɗe ina damunsa ya ɗauke ni a kwalekwalensa, shi kuwa kullum amsarsa ɗaya, wai ruwa ba wurin 'yan mata ba ne. Ya buɗe ƙwaryar, sai ga 'yan kifin karfasa biyar, kowanne bai wuce tsawon yatsana ba. "Amaryata," ya ce, don haka yake tsokanata, "in sunka kai girbin gero da rai, ke da jirgina." Na karɓa.

Akwai wata tsohuwar kwatarniya mai faɗin baki a bayan rumbunmu, wadda Inna ta daina amfani da ita. Na wanke ta tas, na tara mata ruwan sama, na zuba kifayena. Sai dai ni ban tsaya nan ba. Tafki nake so, irin na Baba Tsoho, kuma a ganina tafkin da babu kukan kwaɗi ba tafki ba ne. Ranar da muka je kai abinci gona na kamo wani ƙaton kwaɗo, burduddugi, a fadama, na ƙunso shi a ɗankwalina, na jefa shi ciki ina ta murna. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Washegari da na dawo daga makaranta na ƙirga, na sake ƙirgawa, kifi huɗu. Gogan naka yana maƙale a jikin kwatarniya, ciki ya yi tulu, yana kallona ko kunya babu. Na yi kuka har Inna ta ce ko mutuwa aka yi.

Na mai da shi fadama, amma taurin kai bai bar ni na haƙura ba. Na riƙa zama bakin ruwa ina kallo, har na lura akwai wasu ƙananan kwaɗi masu santsin baya, waɗanda bakinsu bai isa ya haɗiye ko kan karfasa ba, kuma rabin yininsu a kan ciyawa suke yi. Sai na jera duwatsu a gefe ɗaya na kwatarniyar, na cika bayansu da yashi, na dasa ciyawar fadama, na jingina wani guntun icce ya zama musu matakala. Tudu ga kwaɗi, ruwa ga kifi. Na kamo uku daga cikin ƙananan nan na saka. Na yagi tsohon gidan sauro na rufe bakin saboda kaji da kyanwar maƙwabta. Kowace safiya kafin in ɗauki jakar makaranta sai na barbaɗa wa kifi 'yar dusa, na tono gara a suri na zuba wa kwaɗi. Ranar da na jefa musu sauran tuwo ruwan ya yi wari, Inna ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Tun daga nan na koyi kwashe rabin ruwan duk bayan kwana uku, kuma ba na tsoma hannu in na taɓa sabulu. Ƙawayena suna 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni ina bayan rumbu a tsugune.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kifi na biyar ɗin nan. Wata ƙawata ta ce mu samo wani mu cike, wa zai gane? Na yi kwanaki ina juya maganar, na ƙi.

Da aka fara yankan gero Baba Tsoho ya zo. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, kwaɗi uku a kan icce, kifi sun yi faɗin tafin hannuna. "Ina na biyat?" ya tambaya. Na faɗa masa komai, na riga na fid da rai da jirgi. Ya yi dariya har da tari. "Masunta nawa ba su san mi ka cin kifinsu ba? Ke kin sani. Ɗauko ɗankwalinki." Ranar, ni ce zaune a gaban kwalekwale, samarin Kalmalo na kallo, kuma da hannuna na saki kifayena huɗu a tsakiyar tafki. Ban taɓa jin girman kai mai daɗi irin na ranar ba.

Yanzu 'ya'yana kan nuna mini a waya akwatunan gilashi masu fitila da injin tace ruwa, kifi a ƙasa, kwaɗi a sama, su ce dubi abin mamaki. Nakan yi murmushi kawai. Kwatarniyar ta fashe tuntuni, Baba Tsoho ya riga mu gidan gaskiya. Amma har gobe in damina ta sauka na ji kukan kwaɗi, sai in ji kamar ni suke gaisarwa.