Ranar da Baba ya karanta dutsen ƙanƙara

Gyara aka yi mini da faifan. Na sayi faya-fayan wasa a hannun wani mai zuwa Kamba, ya ɗora mini shi a sama, ya ce ba mai so. A jikin kwalin wani mutum ne ya ɗaure ƙafafunsa biyu a kan katako guda, yana zamewa daga saman dutsen da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. A lokacin ina da shago kusa da tashar Dogon Dutsi, ina gyaran waya, ga kuma tele biyu da samari ke buga wasa. Duk wanda na sa wa faifan nan, kafin ka ce me ya ajiye manet, wato abin sarrafa wasan. "Ba ƙwallo, ba duka, ba bindiga? Haba patron, cire mana!" Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mutane ba su san abu mai kyau ba.

Wasan nan ba ya hayaniya. Ba kibiya mai nuna maka hanya, ba mai zuga ka. Daga kai sai gangara sai ƙarar katako, shuuu, kamar ana juye gero a buhu. Inda dusar ta yi laushi katakon nutsewa yake, gudu ya mutu. Inda ta daskare kuwa sai ka ga kana tafiya kamar an harba ka. Kuma ba wanda zai gaya maka ina ne ina, sai dai ka lura da inuwa da yadda ƙasa ta kwanta. Waɗanda suka ƙera shi, ko su wane ne, sun zauna sun kalli dutse da gaske. Ni kaɗai nake buga shi, bayan azahar, sa'ad da rana ta kori kowa. Akwai gangara ta ƙarshe da na yi wata da watanni ban kai ƙasanta kafin lokaci ya cika ba.

A kanta Baba ya iske ni. Daga ƙauyenmu na wajen Kiyeshe ya taso, kuma na san abin da ke tafe da shi. Kwazazzabo na cin gonarmu ta gindin dutse, kowace damina sai ya yanki rabonsa. Dole a jera duwatsu a tare ruwa kafin ruwan farko, shi kuwa ciwon baya ya hana shi ɗaukar dutse. Ya riga ya aiko mini cewa in ban zo bana ba, zai damƙa gonar ga ɗan ƙanensa. Ni ko tun da na bar lakkwal, wato makaranta, waƙata guda ce: ban iya aikin ƙasa ba, boko ya ɓata ni. Gaskiya ina son gonar. Wahalarta ce ba na so.

Muka gaisa, ya sha ruwa, ya zauna a benci. Sai idonsa ya kai kan tele.

"Wanga hwa mi ne ne? Gishiri?"

"Ƙanƙara ce, Baba, irin ta ƙasar Turawa."

"To, tahi mu gani."

Na ɗauki manet na sako ta tsakiya kamar kullum. Ban yi nisa ba katako ya cake, na wuntsila. Baba ya ja tsaki.

"Kai, wa ka bin tudu in shina sauri? Ruwa za ka bi."

"Ai ba ruwa a nan, Baba."

"Ko'ina da hanyar ruwa. Koma."

Na koma. Ya matso gaban tele yana nuni da sandarsa. "Hagu. Ga kwari nan, ƙasa ta yi duhu. Kak ka hau wancan, rairayi ne ya taru." Dusa mai laushi yake kira rairayi, kuma duk inda ya ce ta taru, ta taru ɗin. Ikon Allah! Mutumin da ƙanƙarar da ya sani ba ta wuce ta cikin ruwan sanyi ba, ga shi yana karanta dutsen wata duniya kamar bayan gidanmu. A nan na ƙara sara wa waɗanda suka ƙera wasan nan, don da dutsen ƙarya suka zana, da ilimin Baba bai yi aiki a kansa ba.

A zuwa na uku na manta da kowa. Hannuna na juyawa tun kafin Baba ya buɗe baki. Na hango inda kwari biyu suka haɗu, na kauce wa gangarar fili, na kurɗa ta bayan wani ƙaton dutse. Ban ma lura cewa tun tsakiyar hanya ya yi shiru ba. Na dira ƙasa da sauran lokaci a hannuna. Na buga ihu, na juyo ina washe baki.

Baba ba dariya yake ba.

"Bayan dutsen ga da ka bi," ya ce, "ban hwaɗa maka shi ba."

"Ai a fili yake, Baba, nan ruwa zai karya."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Ya dube ni, ya gyaɗa kai.

"Shekara da shekaru ina ce ma mutane ba ka iyawa ne, lakkwal ta ɗauke maka ido. Shi ya sa ban taɓa riƙe ka a rai ba." Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. "Ashe kana gani."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya rataya jakarsa, bai ta da zancen gona ba ko da kalma guda, ya nufi ƙofa.

"Baba," na ce, "yaushe za a fara jeren duwatsun?"

Bai juyo ba.

"Duk randa ka zo. Ba sai na nuna maka inda za ka soma ba."